Babi na Shida: Kai Iyali Badun, a Wuce Sabo

Da wuya mako ya wuce ba a yi lodin kaya a Talata Mafara an nufi Kudu da su ba. Albasa da tattasai da barkono daga filayen rani na Bakolori, wake da dawa daga ƙauyukan Maradun, dankali da shinkafa daga fadamun Bakura, ga shanu da raguna idan Babbar Sallah ta matso. Kayan ba su tafiya su kaɗai. Akwai mai kaya, akwai yaransa, akwai 'yan ci-rani da ke maƙalewa a saman tirela don su rage kuɗin mota. Saboda haka mutumin wannan yanki ya san Kudu da ƙafarsa, sai dai sanin na maza ne, kuma na kasuwa ne zalla. Falken da ya shekara ashirin yana sauke albasa a Ibadan, wadda fatake ke kira Badun, zai gaya maka farashin buhu a Shasha da Bodija, ya gaya maka dillalin da ke biya a kan lokaci da wanda ke jan rai, amma abu ne mai sauƙi a ce bai taɓa hawa tudun Mapo ba, bai taɓa leƙa ƙofar jami'ar garin ba. Matarsa da 'ya'yansa kuwa ba su da komai na Kudu sai goro da atamfar tsaraba, sai kuma bidiyon tashin hankali da ke yawo a waya duk lokacin da aka yi rikici. Abin da nake son kafa hujja a kansa a wannan babi shi ne, magidancin da Allah Ya hore wa ya kamata ya kai iyalinsa wani tsohon birni na Kudu ko da sau ɗaya ne, kuma tafiyar ba za ta biya kuɗinta ba sai an shirya ta tun daga gida da niyyar fita daga unguwar Hausawa a ga garin masu gari.

Na zaɓi Badun a kan Legas da Binin da Ile-Ife saboda tarihinta ya sarƙe da namu fiye da nasu. Birni ne matashi idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. An kafa shi wajen 1829 a matsayin sansanin mayaƙa, lokacin da daular Oyo ke rugujewa, mutane na gudowa daga arewacin ƙasar Yarbawa suna neman mafaka a bakin kurmi. Cikin abubuwan da suka rusa Oyo akwai Ilori, wadda ta zama masarauta ƙarƙashin tutar Gwandu a hannun 'ya'yan Shehu Alimi. Dawakin Ilori sun yi ta turawa kudu har wajen 1840, inda mayaƙan Badun suka tare su a Oshogbo suka karya su. A nan iyakar daular Usmaniyya ta tsaya ta wannan kusurwa. Yaron da ya karanta labarin jihadi a makarantar Mafara ya ji shi daga gefen masu tuta, kuma yana da kyau ya tsaya a garin da ke ba da labarin ta ɗaya gefen, ya ji yadda suke kiran Balogun Oderinlo, jagoran mayaƙansu a Oshogbo, gwarzo. Wannan ba zai rage masa ƙaunar Shehu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa bai ɗauki ƙasar Yarbawa abin rainawa ba: ya ba ta wuri a Infakul Maisuri, ya yi maganar girmanta da cinikinta da jiragen Turawa da ke tsayawa a gaɓarta, tun kafin a kafa Badun ɗin. Abin da takobi bai yi ba kuma ciniki da malanta sun yi, domin a yau Musulmi suna da yawa ƙwarai a Badun, kuma sarakunanta da dama Musulmi ne.

Unguwar Sabo, wadda ke maƙwabtaka da Mokola, ita ce ƙofar da kowane Bahaushe ke shiga garin ta cikinta, kuma dole a fahimci abin da aka gina ta don shi kafin a san yadda za a amfana da ita. An keɓe wa Hausawa wurin a 1916. Kafin wannan lokaci fataken goro Gwanja suke zuwa, ayari-ayari da jakuna, kuma cikin manyan masu wannan fatauci akwai Kambarin Barebari da suka yi zamansu a Gummi, nan cikin Zamfara. Da Yarbawa suka fara shuka goron da Bahaushe ke so, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai akalar ciniki ta juya: shanu su gangara, goro ya hau. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma abin da ya gano ya cancanci a tsaya a kansa. Ya nuna cewa riƙon da mutanen Sabo suka yi wa harshensu da suturarsu da sarkinsu, har suka raba masallacin Juma'a da Yarbawa a farkon shekarun 1950 bayan sun rungumi ɗarikar Tijjaniyya, ba kewar gida ce kawai ta sa su ba. Cinikin shanu da goro na bashi ne da amana. Mai shanu ya zo daga nesa, ya sauka a gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da mahauta, ya tsaya masa har kuɗi su fito. Irin wannan amana ba ta tsayawa sai a cikin jama'ar da kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuma ba shi da wurin ɓuya. Sabo ta yi wannan aiki da kyau har ta wuce shekara ɗari tana yi. Amma tsarin da aka gina don baƙo ya sayar da kayansa ba tare da ya buƙaci koyon Yarbanci ko shiga cikin gari ba, shi ne kuma ke sa baƙon ya koma gida bai ga komai ba. Iyalin da aka kai Sabo aka ajiye kwana biyar, suka ci tuwo da miyar kuka, suka gaisa da 'yan uwa, suka juyo, sun sha wahalar kilomita kusan dubu don su ga abin da suka baro a gida.

Ba ina cewa a guji Sabo ba ne. A can za a kwana, domin a can ake da mai masauki, kuma mai masauki shi ne rabin shirin. A neme shi tun da sauran makonni, a gaya masa yawan mutane da shekarun yara, a roƙe shi ya samo wanda ya iya Yarbanci ya san cikin gari, ɗan Sabo haifaffen can ko maƙwabcinsa Bayarbe, wanda zai riƙa fita da baƙi. Ƙa'idar ita ce a kwana a Sabo a yini a waje. Yinin farko na tsohon gari ne. Zauren Mapo, wanda aka gama a 1929, yana kan tudu da manyan ginshiƙansa, kuma a ƙasansa kasuwar Oja'ba take da babban masallacin gari. Daga can a hau tudun Oke Are inda hasumiyar Bower take, wadda aka gina a 1936 don tunawa da Baturen da ya fara zama razdan bayan yarjejeniyar da garin ya yi da Turawa a 1893. Matakalarta matsattsiya ce mai murɗawa, tsoho da mai ciki su haƙura, amma yaron da ya kai sama zai ga rufin kwano mai tsatsa ya rufe tuddai har iyakar ganinsa. A nan ne ya dace a bayyana wa yara sarautar garin, wadda ba ta yi kama da ta Sarkin Mafara ko Sarkin Burmin Bakura ko Sarkin Kayan Maradun ba. Badun ba ta da gidan sarauta guda. Layi biyu ne, na farar hula da na mayaƙa, mutum ya fara daga shugabancin gidansu ya riƙa hawa mataki-mataki duk lokacin da na gabansa ya rasu, layukan biyu kuma suna karɓa-karɓa. Shi ya sa Olubadan, sarkin garin, kan hau gado da furfura, shi ya sa kuma ba a cika jin rikicin gadon sarauta a can ba. Yaro zai tambaya wanne ya fi, nasu ko namu. Ba lallai uba ya ba shi amsa ba, tambayar ma riba ce.

Wurin da na fi son a daɗe a gabansa shi ne Cocoa House a Dugbe, bene mai hawa 26 da aka gama a 1965, wanda a lokacinsa babu ginin da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Da kuɗin koko aka gina shi, wato da gumin manoma. Gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta riƙa sayen koko ta hannun hukumar ciniki a farashin da ta yanka, ta sayar a waje, ta riƙe rarar. Da irin wannan kuɗi ta soma ilimin firamare kyauta a 1955, ta buɗe gidan talabijin a 1959, na farko a ƙasar nan, ta gina filin wasa na Liberty. Ɗan manomin Bakura yana da haƙƙin ya san cewa kakansa ma an yi masa haka da gyaɗa da auduga, cewa layin dogon da ya kai Gusau da Kaura Namoda a 1929 don kwasar amfanin gonarsa aka shimfiɗa shi, cewa kuma gwamnatin Sardauna ta yi nata gine-ginen da rarar, daga masaƙun Kaduna zuwa jami'ar Zariya. Bambancin da ya fi yin tasiri a yau shi ne yawan yaran da kowane ɓangare ya zuba a aji a waɗannan shekaru, kuma jikokinsu ne ke haɗuwa yanzu a layin neman aiki. Sai dai kada a gaya wa yara labarin kamar a can aljanna ce. Manoman ƙauyukan Badun sun gaji da haraji da faɗuwar farashin koko, suka yi tawayen da ake kira Agbekoya a 1968 da 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, har suka fasa gidan yarin Agodi suka saki 'yan uwansu, kuma ba a samu lafiya ba sai da aka rage harajin. Duk wanda ya tashi a gefen madatsar Bakolori ya san wannan labari da wasu sunaye. An gama madatsar a 1978, an karɓe gonaki, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyi, a 1980 kuma aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma aka kashe mutane da dama. Shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ce tsakanin abubuwan biyu. Manomin koko da manomin gero ba su jin harshen juna, amma abin da hukuma ta yi musu iri ɗaya ne, kuma wannan darasi ne da ba a koyar da shi a aji, ba a kuma jin sa a bakin ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a da zagin wani yanki.

Yini na biyu na jami'a ne. An kafa ta a 1948, ita ce ta farko a Nijeriya, kuma mutanenmu da yawa za su yi mamakin jin cewa Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ne uban jami'ar. Alaƙarta da Sakkwato ta girmi wannan naɗi. A laburarenta akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da aka fara tattarawa tun shekarun 1950, cikinsu da littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello. A nan Abdullahi Smith ya koyar kafin ya koma Zariya, a nan kuma ɗalibinsa Murray Last, wanda ya zauna gaban Waziri Junaidu ya yi karatu, ya kammala digirinsa na uku a 1964 a kan daular Sakkwato, aikin da ya zama littafi a 1967. Wato wani babban yanki na tarihinmu da ake karantawa a jami'o'in duniya a Badun aka fara rubuta shi. Ƙananan yara ba ruwansu da wannan, su gidan namun dajin jami'ar zai ɗauke musu hankali, kuma babu laifi. 'Yan mata kuwa a bi da su ta gaban babban asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, su ga mata da hijabi cikin farar rigar likita suna shiga suna fita. A yankin da mace kan ƙi zuwa asibiti don ba ta son namiji ya duba ta, wannan gani ya fi wa'azin sa 'ya mace makaranta tasiri. Idan akwai manomi a cikin tafiyar, cibiyar binciken noma ta IITA tana kan hanyar Oyo, an kafa ta a 1967, kuma daga cikin ingantaccen irin wake da masara da waken suya da ake shukawa a Arewa akwai waɗanda aikinta ne.

To, ga mai ja na farko, kuma shi ne mafi ƙarfi: hanya. Zai ce mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa a Maradun sai da fargaba, wanda garinsu ya san kuɗin fansa da harajin 'yan bindiga, ta yaya za a ce masa ya ɗebi mata da yara ya hau titi kwana biyu? Wannan magana gaskiya ce, kuma wanda ya yi wasa da ita bai san yankin ba. Hanyoyin uku ne, kowace da ciwonta. Akwai ta Gusau da Tsafe da Funtuwa zuwa Zariya da Kaduna da Abuja, a bi Lokoja a shiga ƙasar Yarbawa ta gabas, wadda ta fi tsawo. Akwai wadda ke yankewa daga Funtuwa ta Birnin Gwari zuwa Tegina, wadda sunanta kaɗai ya isa ya hana mai iyali. Akwai kuma ta Sakkwato da Jega da Yawuri da Kwantagora zuwa Mokwa, a haye Kwara a Jebba, a bi Ilori da Ogbomosho da Oyo. Ba littafi ne zai gaya wa mutum wadda zai bi ba, domin hanyar da ke lafiya a watan da aka buga littafi tana iya zama tarko a watan da aka karanta shi. Direbobin tasha da masu lodin albasa su ke da labarin mako-mako, su za a tambaya, kuma a makon tafiyar. Abin da ba ya canjawa kaɗan ne: ba a tafiyar dare, ba a fita kafin gari ya waye sosai, a yanke tafiyar biyu a kwana a babban gari, kada kuma a ɗora yaro a saman motar kaya komai arahar ta, domin haɗarin tirela ya ci 'yan ci-rani masu yawa. Mai hali ya hau jirgin sama daga Sakkwato. Idan kuma labarin da ya zo daga tasha bai yi daɗi ba, a ɗage, ko da an riga an gaya wa mai masauki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ɗagewa ta zama fasawa ta har abada. Yaran da aka haifa a wannan yanki daga 2011 zuwa yau ba su san duniyar da babu 'yan bindiga ba. Wasunsu sun ga an rufe musu makarantu da kasuwanni da layukan waya a 2021. Yaron da bai taɓa ganin garin da ake fita da dare a sayi tsire a dawo lafiya ba zai ɗauka haka rayuwa take a ko'ina, kuma wanda ya ɗauka haka ba zai nemi a canja ta ba.

Mai ja na biyu zai ce can ɗin ma ba a son mu, ya kawo Shasha. A watan Fabrairun 2021 wata 'yar taƙaddama a kasuwar, tsakanin ɗan dako da mai shago, ta jawo mutuwar wani mai gyaran takalmi, daga nan wuta ta tashi, aka kashe mutane aka ƙone shaguna da gidaje na ɓangarorin biyu. Gwamnoni huɗu na Arewa suka je Badun suka gana da Gwamna Seyi Makinde, cikinsu da Bello Matawalle, ɗan Maradun. Zai kuma iya ƙarawa da Shagamu a 1999, da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a share. Amma a duba abin da ya biyo bayan Shasha. Ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu, farashin tumatir da nama ya tashi a Legas da Badun, a nan kuma albasa da tumatir suka yi kwantai a hannun manoma, ba a yi nisa ba aka janye. Ɓangarorin biyu suka gane abin da fataken goro suka sani tun tuni, cewa babu mai iya zama ba ɗaya. Idan dai 'ya'yanmu za su ci gaba da kai kaya can, kuma za su ci gaba, gara su fara ganin Bayarbe a matsayin mai masauki da malamin jami'a da limami kafin su gamu da shi a matsayin abokin faɗan kasuwa. Rikici irin na Shasha ya fi saurin kamawa tsakanin mutanen da ba su san komai game da juna ba sai farashi. Ta fuskar shiri, abin da wannan ke nufi shi ne kowane baligi ya riƙe katin shaidarsa, domin akwai shingayen 'yan sanda da na Amotekun, rundunar tsaron da jihohin Yarbawa suka kafa a 2020, kada a ɗauki wuƙa ko wani abin da za a kira makami, kuma kada a yi tafiyar a makon zaɓe ko lokacin da wani rikicin ƙabilanci ke kan bakin mutane.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma wannan babi bai shafi wanda ke neman na cefanen yau ba. Ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci da manomin rani da kan kashe fiye da kuɗin wannan tafiya a kan lefe ko walimar suna ba tare da kowa ya ce ya yi almubazzaranci ba. Ba dole a kwashe gida duka ba. Uwa ɗaya da yaran da suka kai shekara goma zuwa sha biyar sun isa zubin farko, mai mata biyu kuma ya san cewa akwai zubi na biyu a kansa, ya sa shi cikin lissafi tun yanzu. Gida biyu na iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda, wanda ya fi sauƙi ya kuma ba su ikon tsayawa salla da kwana inda suka ga dama. Lokaci ma kuɗi ne. Dogon hutun makaranta na Agusta yana faɗawa tsakiyar damina, hannu ba kuɗi, gona na neman mai ita. Hutun Disamba ya zo bayan kaka, amma titunan Kudu a cike suke da matafiya Kirsimeti, kuɗin mota kuma ya hau. A ganina hutun Afrilu ya fi dacewa da mutumin Bakolori, in bai haɗu da azumi ba: an cire albasa an sayar, zafin bazara ya kai maƙura a gida, can kuma ruwan farko ya sauka gari ya yi kore.

Akwai masu ja ta fuskar tarbiyya, waɗanda ke gudun abin da idon mace da na yaro zai gani. Mace tare da mijinta take, sharaɗin muharrami ya cika. Abin da za a gani na sutura da cuɗanya bai kai wanda ke cikin wayar da ke hannun yaran a ɗakin uwarsu ba, kuma a can aƙalla uba na tsaye a gefe yana bayani. Za kuma a ga wani Musulunci da ya kamata a sani, na mutanen da suka riƙe addini a gida ɗaya da 'yan uwansu Kirista, suka kafa ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen tun 1923 don 'ya'yansu su yi boko ba tare da sun bar salla ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda kowane ɗan sakandare a Zamfara ya sani, a Legas aka kafa ta a 1954. A yi Juma'a ɗaya a masallacin Oja'ba maimakon na Sabo. Abinci ba matsala ba ne, mahautan garin galibi Musulmi ne, amala da miyar wake da ta ewedu kuma ba su da nisa da tuwo da miyar lalo, sai dai a yi hattara da yaji da ruwan sha saboda cikin yara. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: garin na da bukukuwan dodanni na gargajiya, musamman da damina, kuma akwai wanda ake kira Oloolu da al'adarsu ta hana mace ganinsa. Mai masauki ya san ranakun da unguwannin. A tambaye shi, a kauce, kamar yadda muke son baƙo ya kiyaye namu idan ya zo.

Saura mai cewa a fara da gida: yaron da bai ga Hubbaren Shehu ba, bai ga kufan Alkalawa ko dutsen Kwatarkwashi ba, me zai je nema a Mapo? Na yarda da shi a kan jeri, Sakkwato tafiyar safiya ɗaya ce daga Mafara, a fara da ita. Sai dai Hubbare yana nuna wa yaro abin da aka riga aka gaya masa, Badun kuma tana nuna masa abin da ba wanda zai gaya masa a gida, don haka ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya. Wanda ya kai Badun kuma yana da sauran yini guda, ya kai yaran tashar Moniya su hau sabon jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021, wanda ke zuwa Legas ya tsaya a Abekuta. Yawancinsu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, tun da na Kaura Namoda ya zama labari. A Abekuta akwai dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake wajen 1830 bayan sun baro Badun, da kasuwar Itoku a gindinsa, inda mata ke rinin adire da baba irin na marinar Kano. Jirgin ba ya tashi sau da yawa a yini, don haka a binciki lokutansa da na dawowa kafin a bar Sabo, a kuma aika wa IITA da laburaren jami'a takardar neman izini tun daga Mafara, domin ba a shiga ganin rubuce-rubucen Larabcin ko gonakin gwaji da sallama kawai.